Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamitocin Majalisa Masu Kula Da Sojojin Ƙasa: Kafin A Sayo Sabbin Makamai, A Tambayi Nawa Ke Aiki Cikin Na Hannu

Zuwa ga Shugabanni da Mambobin Kwamitin Sojojin Ƙasa na Majalisar Dattawa da na Majalisar Wakilai, Abuja.

Assalamu alaikum. Masu girma, ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu da muka rubuto wannan wasiƙa tsofaffin sojoji ne da suka ajiye kaki. A cikinmu akwai makanikan motocin yaƙi, akwai masu gyaran bindiga, akwai masu kula da rumbun harsasai. Ku muka zaɓa mu rubuto wa domin duk kuɗin da ake sayen kayan soja ta hannunku yake bi, kuma sashe na 88 da na 89 na kundin tsarin mulkin 1999 sun ba ku ikon kiran kowa ku tambaye shi yadda aka kashe abin da kuka ware.

Duk sa'ad da aka afka wa wani sansani, kamar yadda aka yi a Metele a Nuwamban 2018 ko a Marte a Mayun 2025, magana ɗaya ake yi a rediyo da zauren majalisa: sojoji ba su da makamai, a sayo musu. Ana kuwa sayowa. A Disambar 2017 aka amince a ciri dala biliyan ɗaya daga asusun rarar man fetur don yaƙi da ta'addanci. A Afrilun 2020 tankokin VT-4 da motocin ST1 da igwogin SH-5 suka iso daga Sin. Amma kukan bai canja ba. Dalili shi ne, abin da sojan da ke Damboa ko Monguno yake ƙirgawa shi ne abin da zai tashi idan an murɗa makulli, da abin da zai harba idan an ja kunama. Tsakanin adadin da ke cikin takardar kwangila da adadin da ke aiki akwai rami mai faɗi, kuma a cikin wannan ramin ake rasa rayuka.

Bari mu fara da harsashi, tunda shi ne abincin yau da kullum. Yawancin sojojinmu AK-47 da 'yan'uwanta suke riƙewa, masu cin harsashi 7.62×39 (faɗin harsashi da tsawon kwansonsa ke nan a milimita). Tsofaffin FN FAL da G3 da suka rage suna cin 7.62×51, haka ma bindiga mai jigida ta FN MAG. Ita kuwa PKM, wadda ita ma mai jigida ce, 7.62×54 take ci, mai leɓe a gindinsa. Uku ke nan duk da lamba 7.62 a jikinsu, kuma babu wanda ke shiga gurbin ɗan'uwansa. Ga Tavor ta dakarun musamman mai cin 5.56×45. A manyan bindigogin da ake ɗorawa kan mota, DShK da irinta na Sin suna cin 12.7×108, Browning kuma 12.7×99. Jigidar ma ba iri ɗaya ba ce: ta PKM tana fitowa a haɗe bayan an harbe harsasanta a sake cika ta, wadda aka fi sa wa MAG kuwa warwatsewa take yi ɗaya-ɗaya. A turmin harba bom akwai mai faɗin milimita 81 na Yamma da mai 82 na Gabas. Bom ɗin 82 ba ya shiga bututun 81. Na 81 yana faɗawa cikin na 82, amma iskar harbi tana zurarewa ta gefensa, sai ya sauka inda jadawalin nisa bai ce ba, wani lokaci a kan namu.

Ku duba abin da wannan ke nufi ga hafsan da ke loda mota da dare a Maiduguri don kai ɗauki. Akwatuna masu kama da juna, rubutun wasu da Rashanci, wasu da Sinanci, wasu ya goge. Kuskure ɗaya ya isa a ce an kai harsashi alhali bindiga mai jigida ta yi shiru. Shi ya sa muke ganin sayen Beryl M762 daga Polan ya yi ma'ana: sabuwar bindiga ce amma harsashin AK take ci, gidan harsashin AK ma yana shiga cikinta, ba ta ƙara wa kowa kaya ba. Wannan ya kamata ya zama ma'auni. Duk wanda ya kawo muku buƙatar sayen bindigar da za ta shigo da sabon nau'in harsashi, ya fara bayyana wanne tsoho za a fitar a madadinsa.

Yawan harsashin ma a yi lissafinsa a fili. AK tana harba kusan 600 a minti, gidanta na ɗaukar 30. Sojan da ya danne kunama bai saki ba zai ƙarar da gida guda cikin daƙiƙa uku. Idan gida huɗu aka ba shi, harsashi 120 ke nan, daƙiƙa goma sha biyu na harbi. A bataliya mai bindiga 600, wannan rabon farko kaɗai harsashi 72,000 ne, nauyinsa ya haura tan guda ba a sa akwati ba. Maganin wannan biyu ne: ajiyar da ta isa a cikin sansani, da horon da zai sa kurtu ya riƙa harbi ɗaya-ɗaya da saiti. Horon kuma harsashi yake ci. Kasafin da bai ware harsashin atisaye dabam ba ya yanke wa kurtu hukuncin ya koyi harbi ranar da aka kawo masa hari.

Ita kanta bindigar tana tsufa, ko da yake mutane sun ɗauka AK ba ta mutuwa. Zaren da ke cikin bututu, wanda ke murɗa harsashi ya tafi sak, yana cinyewa, musamman daga bakin ɗakin harsashi. Idan ya cinye, bindiga za ta yi ƙara kamar kullum amma harsashi ya riƙa watsuwa, har ya bugi allo a kwance. Ido ba ya gane wannan, sai da ma'aunin ƙarfe da ake zurawa cikin bututu, da wani ma'aunin na tazarar da ke tsakanin makulli da gindin harsashi. Tazarar nan in ta yi yawa kwanso kan tsage a ciki, in ta yi kaɗan makulli ba ya rufuwa. Browning ta tsohon ƙira sai an saita mata wannan tazara duk lokacin da aka sauya bututu, in ba haka ba ta fashe a fuskar mai harbi. Saitin ma'aunan nan bai kai kuɗin bindiga ɗaya ba, amma ku tambaya ko kowace bataliya tana da nata. Bindiga mai jigida kuma ana sauya mata bututu bayan 'yan ɗaruruwan harsasai na harbi ba ƙaƙƙautawa. Idan an raba ta babu bututu na biyu, za ta yi zafi har harsashi ya tashi da kansa a ciki, ko zaren ya narke a faɗa ɗaya. Sa'annan mafi yawan cijewar da bindiga ke yi daga gidan harsashi take fitowa: leɓensa ya lanƙwashe, ko sifirin ɗinsa ya saki. Abu ne mai araha, ya kamata a riƙa saye da yawa ana jefar da wanda ya lalace. Akwai kuma tsohon harsashin Gabashin Turai wanda hular gindinsa, mai kunna garin albarushi, ke barin gishiri a bututu. Mai ba ya wanke gishiri, sai ruwa, sa'annan a busar a shafa mai. Wanda bai san haka ba zai shafa mai kawai, a damina ya wayi gari tsatsa ta ci bututun.

Inda muka fi jin tsoro shi ne ajiya. Ranar 27 ga Janairu 2002 rumbun makamai na barikin Ikeja ya kama da wuta, mutum fiye da dubu suka rasu, da yawansu a magudanar ruwan Oke-Afa suka nutse suna gudu. A farkon Mayun 2025 harsasai suka yi ta fashewa a barikin Giwa da ke Maiduguri, rundunar kuma ta danganta abin da tsananin zafi. Bayanin yana da tushe, amma zafin Maiduguri a watannin Afrilu da Mayu ba baƙo ba ne, kowa ya san yana zuwa. Garin albarushin zamani yana ruɓewa a hankali da kansa, shi ya sa ake haɗa shi da sinadarin da ke tsare ruɓewar. Zafi yana cinye wannan sinadari, kuma duk ƙarin digiri goma saurin cinyewar yakan ninka ko fiye. Ranar da ya ƙare, garin yana iya kama wuta ba wanda ya taɓa shi. Kwantenar ƙarfe da aka ajiye a fili lokacin da zafin gari ya haura digiri 40, cikinta kan wuce 60. Harsashin igwa mai hayaƙi da ke ɗauke da farin fosfaras yana narkewa a ciki a digiri 44. Idan a kwance aka jera shi, sai ya sake daskarewa a gefe guda, ranar harbi ya karkace a sama. Don haka ake ajiye shi a tsaye, a inuwa, da ruwa a kusa, nesa da sauran.

Ƙa'idojin nan ba sirri ba ne, Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da su a rubuce tun 2011. A ɗora akwati kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Kwantena a yi mata rumfa a sama da tazarar da iska za ta ratsa, a tara mata ƙasa a gefe. Kan bom da abin tayar da nakiya ba sa kwana ɗaki ɗaya da bom ɗin. A sa sandar kama tsawa, a nome ciyawa kewaye kafin ta bushe. Kowane rukuni na harsashi yana da lambar ƙira a jikin akwatinsa, a jera su bisa wannan lamba, a fara fitar da mafi tsufa, kuma lokaci-lokaci a ɗebi samfuri daga kowane rukuni a kai ɗakin gwaji a auna sauran sinadarin da ke cikinsa. Da zarar an zube rukunai wuri guda lambobi sun ɓace, to idan ɗaya ya fara ƙin tashi ba yadda za a janye shi shi kaɗai. Wanda ya lalace kuma a ƙona shi a daji bisa ƙa'ida. Ƙonawar tana cin kuɗi, ba ta da bikin ƙaddamarwa, shi ya sa ba a cika ganinta a kasafi ba. Ku nemi a sa ta. Ku kuma duba barikokin da gari ya cim musu ya kewaye su, a kwashe manyan bama-bamai daga cikinsu.

Sai motoci. A nan rundunar sojin ƙasa ta tara kayan kusan kowace ƙasa mai ƙera makami: Vickers Mk 3 da Scorpion daga Ingila, T-55 da T-72 ƙirar Tarayyar Sobiyet, VT-4 daga Sin, Panhard AML da Sagaie da VBL daga Faransa, Cascavel daga Barazil, Steyr daga Ostiriya, BTR daga Yukren, Cobra daga Turkiyya, ga motocin MRAP masu jure nakiya iri-iri daga Amurka da Sin da wasu wurare, ga na gida irin su Ezugwu da Ara. Faɗin bakin bindigoginsu kaɗai ya isa ciwon kai: milimita 76, 90, 100, 105, 125. Harsashin 105 na tanka ma dabam yake da 105 na igwa. Kowace ƙira da injinta, da filtarta, da irin baƙin manta, da sifanunta, da littafinta, da makanikin da ya san ta. Kamfanin Engesa da ya ƙera Cascavel ya rushe tun 1993. Yaƙin da ya ɓarke a Yukren a 2022 ya sa kayan gyaran motocin wannan yanki sun yi wuya, domin masu su na buƙatarsu, ga takunkumin da ke kan Rasha.

Mun san yadda aka kai ga haka. A 2014, da aka matsu, Amurka ta hana a sayar mana da jirage masu saukar ungulu ƙirar Cobra, Afirka ta Kudu ta riƙe dala miliyan 9.3 da aka kai a jirgi don sayen makamai, sai aka sayi duk abin da aka samu a inda aka samu. Uzurin gaggawa ne, mun karɓa. Amma shekara goma ta wuce, ba a fafe gora ranar tafiya. Ko kyauta ma a duba ta: motocin MRAP 24 da Amurka ta bayar a Janairun 2016 an ba da su ne a yadda suke, ɗauka da gyara na mai karɓa.

Abin da ke kashe motocin nan a Arewa maso Gabas ƙanana ne. Na farko ƙura. Filtar iska in ta toshe injin ya rasa ƙarfi ya yi zafi, direba kuma sai ya cire ta ya buga a jikin taya, takardar ta yage inda ido ba ya gani, ƙura ta wuce ta cinye zobban fistin. Daidai shi ne a hura ta da iska mai sauƙi daga ciki zuwa waje, bayan 'yan lokuta a sauya. T-72 kuwa ragar ƙarfe gare ta da ake wankewa a jiƙa da mai, in aka mayar da ita a bushe ba ta kama komai. Na biyu man gas. Durom ɗin da ya kwana a fili yana tara ruwa da laka a gindi, ruwan nan ke kashe famfon mai da nozul. Sai an bar durom ya kwanta, an zuƙa daga sama, an tace, kuma kowace safiya an zubar da ruwan da ya taru a matatar. Na uku batir: zafi na ƙafar da ruwansa, a ƙara masa ruwan rijiya maimakon tataccen ruwa, ya mutu cikin watanni. Na huɗu taya. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Kowane ɗan majalisa zai iya durƙusawa ya karanta. Tayar da ta shekara shida ko bakwai a sito sabuwa ce a ido kawai, a ƙarƙashin mota mai tan goma sha biyar fashewa za ta yi.

Ga kuma lodi. Hilux kusan tan guda aka yi ta ta ɗauka. Bindigar kakkaɓo jirgi ZU-23 mai baki biyu ita kaɗai ta kai kilo 950, ba a sa harsashi da mutane da farantin ƙarfen da ake walda mata ba. Sifirin ya karye, shasi ya tsage, birki ya ƙi kamawa, kuma ko an lafta mata ƙarfe ba ta tsare kowa daga nakiyar da aka binne. Ita MRAP da ke tsarewa doguwa ce mai nauyi a sama, tana kifewa a gefen hanya mai gangara, kuma da damina a baƙar lakar Dikwa da Marte da Ngala nutsewa take yi har gatari. Wanda ke cikinta bai ɗaura bel ba, kujerar da aka yi don shanye bugun nakiya ba ta amfane shi ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da ba a taɓa ganinsa a fareti: janwe. T-72 ta haura tan 40, VT-4 ta haura 50. Idan ɗaya ta kafe ko sarƙarta ta tsinke, sai motar ja ta musamman mai sulke da igiyar ƙarfe mai ƙarfin jan wannan nauyi. Idan babu, kwamanda na da zaɓi biyu, ya tsare mutanensa a wurin har dare ya yi musu, ko ya bar ta. Motocin soja da ake gani a bidiyon 'yan ta'adda ba duka aka ƙwace da faɗa ba. Haka tirelar ɗaukar tanka. Tanka tana shan lita biyu zuwa uku a kowace kilomita a kan kwalta, fiye da haka a yashi, kuma rayuwar injinta da sarƙarta a ƙirge take. Duk kilomitar da ta taka da ƙafarta daga bariki zuwa fagen daga an cire ta ne daga kwanakin yaƙinta. Kada ku amince da sayen tanka ko MRAP ba tare da janwe da tirela da motar garejin tafi-da-gidanka a cikin kwangila ɗaya ba.

Idan kayan gyara ba su zo ba, makanike ba ya zama. Zai kwance famfo daga mota ta biyu ya tayar da ta farko, gobe ya kwance giya daga ta uku. A takarda bataliya na da mota goma. A gareji uku na tafiya, bakwai na kan dutse, kuma bakwai ɗin ba za su ƙara tashi ba domin kowace an cire mata abu biyar. Wannan misali ne muka buga, amma duk wanda ya yi aikin gareji ya san hoton.

Kayan jikin soja ba za mu tsawaita a kansu ba. Rigar sulke mai laushi harsashin ƙaramar bindiga da ɓarɓashin bom take tarewa, ba ta tare AK sai da faranti a ciki. Farantin ma a gwada shi da harsashin AK mai zuciyar ƙarfe, wanda shi ake harbin sojojinmu da shi, domin akwai farantin da ya ci gwajin wani harsashi amma wannan ya huda shi. Farantin tangaran in ya faɗi ƙasa yakan tsage a ciki. Zaren rigar kuma gumi da rana na raunana shi, galibi shekara biyar masu ƙira ke lamuncewa. Kowane soja ya sami maɗaurin tsayar da jini a aljihunsa, ya kuma san yadda zai ɗaura wa kansa da hannu ɗaya.

Hare-haren da ake kai wa sansanoni yawanci da dare ne, yanzu kuma har da ƙananan jirage marasa matuƙi na kasuwa da ake rataya wa bom. Na'urar ganin dare da ta gano zafin jiki suna da amfani matuƙa, amma rayuwarsu batir ce, ta farkon kuma hasken rana na lalata ta in an buɗe murfinta da rana. A saye su tare da batir mai caji, da faifan sola, da akwatin ajiya. Oba-oba ta hannu 'yan kilomitoci take kaiwa, in babu na'urar ƙara zango da batir na biyu sai soja ya koma wayar salula, wadda kowa ke iya saurare kuma ba ta aiki inda aka rushe turakun sadarwa. Ku kuma tabbatar rediyon sojan ƙasa na iya magana kai tsaye da matuƙin jirgin da ya zo ɗauki. Na'urar toshe sigina tana hana nakiyar da ake tayarwa daga nesa, ba ta hana wadda ake takawa, don haka ba ta maye gurbin masu bincike a ƙasa, kuma in ba a daidaita ta da rediyon ayari ba, ta toshe namu.

Duk wannan a kwangila ake gyara shi ko a ɓata shi. Sanannen abu ne a harkar soja cewa kuɗin saye shi ne ƙaramin kaso, kusan biyu bisa uku na abin da makami zai ci a rayuwarsa yana tafiya ne a mai da gyara da horo. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta keɓe kayan tsaro daga tsarinta sai in shugaban ƙasa ya amince, kuma binciken dala biliyan 2.1 na kuɗin sayen makamai da aka fara a 2015 ya nuna inda wannan duhu ke kaiwa. Ba mu ce a buga sirrin soja a jarida ba. Amma a zaman sirri kuna iya dagewa cewa kowace kwangila ta ƙunshi kayan gyara na aƙalla shekara biyu da farashinsu a rubuce, da sifanu da ma'aunai na musamman, da littafin gyara da na lambobin kaya cikin Turanci, da horar da makanikai kafin kaya su iso. Makarantar makanikan soja da ke Auchi da ta motocin sulke da ke Bauchi su sami samfurin inji da giya na koyarwa. Idan kayan waɗanda aka taɓa amfani da su ne, a rubuta awannin da injin ya yi da yawan harbin da bututu ya yi. Masu duba kaya kafin a loda su zama waɗanda za su gyara su, samanja da saje na gareji, kuma a riƙe wani kaso na kuɗi har sai kayan sun yi aiki a zafi da ƙurar Borno. A sayi kai tsaye daga gwamnati ko masana'anta, a rage dillalai.

Game da DICON, masana'antar ƙera makamai ta gwamnati, wadda aka kafa a Kaduna tun 1964 aka kuma yi mata sabuwar doka a 2023, ra'ayinmu shi ne ta fi amfani idan ta riƙe abin da ake ci kullum. Mun yi murna da Ezugwu da aka ƙaddamar a 2019, amma a auna masana'antar da yawan harsashin 7.62 da 12.7 da take fitarwa a wata, da gidajen harsashi, da jigida, da sifirin, da bututu. Harsashi abu huɗu ne: kwanso, hula, gari, da kai. Kwanson tagulla ne, jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30. Muddin tagullar da hular da garin daga waje suke zuwa, haɗawa kawai muke yi, kuma ranar da aka rufe mana ƙofa injinan za su tsaya. Ku tambayi wanne daga cikin huɗun ake yi a gida, ku ware kuɗin na gaba. Masana'anta kuma ba ta rayuwa sai da oda tabbatacciya ta shekaru da biya a kan lokaci. Motocin gida su ma a ɗora su kan inji da giya iri ɗaya, wanda ake samun kayansa a kasuwa, kada mu maimaita a gida tarkacen da muka sayo daga waje.

Saura rajista. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce bindigogi 178,459 ne ba a san inda suke ba a hannun 'yan sanda. Na 'yan sanda ne, amma darasin na kowa ne. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ta wajabta sa wa makami alama da ajiye rajistarsa. Kowace bindiga a haɗa lambarta da sunan mai riƙe da ita, a ƙirga ta da ido lamba-lamba, wanda zai ƙirga kuma ya fito daga wata runduna dabam. Bayan kowane faɗa a rubuta lambobin abin da aka rasa, domin in an kama bindiga a Zamfara a san ko daga Borno ta fito.

Idan kun fita ziyarar gani da ido, masu girma, abin da aka wanke aka jera a filin fareti ba shi ne zai gaya muku gaskiya ba. Ku ce a kai ku bayan gareji da sito. Ku nuna mota da kanku ku ce a tayar. Ku karɓi littafinta ku ga ranar da aka yi mata juyen mai na ƙarshe. Ku tambayi takardar neman kayan gyara mafi daɗewa da ba a amsa ba, ku ga watanninta. Ku sa hannu a bangon kwantenar harsashi da ƙarfe biyu na rana. Ku keɓe da samanjan gareji ba tare da kwamandansa a tsaye a kansa ba.

A kasafin da ke tafe kuma muna roƙon ku raba kuɗin kayan gyara, da na harsashin atisaye, da na gyaran rumbuna da ƙona lalatattun harsasai, kowanne a layinsa yadda ba za a karkatar da shi zuwa sabon saye ba. Ku kuma sa rundunar ta riƙa kawo muku, duk wata uku a zaman sirri, jadawalin kowace ƙirar mota da igwa: nawa ke cikin rajista, nawa ke aiki a yau, nawa ke jiran kaya, da kayan da suke jira.

Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
Wasu tsofaffin makanikai, masu gyaran bindiga da masu kula da rumbun harsasai na sojan ƙasa, Kaduna.